Tambayoyi da amsoshi kan shirya bidiyon wata da taurari kafin a ɗora hotunansa kan juna

Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar ɗaukar hoton sama a nan Maraɗi suka fi yi mini, musamman waɗanda ba su mallaki kyamarar taurari ta musamman ba, sai irin wadda ake ɗaukar biki da suna da ita, ko kuma wayar hannu. Na tsaya a kan mataki guda, wato abin da ake yi wa bidiyo tun daga lokacin da za a danna maɓallin ɗauka har zuwa lokacin da za a miƙa shi ga manhajar da ke ɗora hotuna kan juna, domin a wannan tsakanin ne aiki ya fi lalacewa, kuma ɓarnar da aka yi a nan ba ta gyaruwa daga baya.

Me ya sa ake ɗaukar bidiyo, alhali hoto ɗaya ake nema?

Duk wanda ya bi hanyar Ɗan Isa da tsakar rana a lokacin bazara ya ga yadda motar da ke can gaba take rawa a cikin ƙawalwalniyar da ke tashi daga kwalta. Abin da ke faruwa da wata da taurari ke nan a kowane dare, ko da ido bai lura ba. Iskar da ke tsakaninmu da su hawa-hawa ce, wata mai zafi wata mai sanyi, kuma kowace tana karkatar da haske ta nata gefe, shi ya sa idan aka leƙa ta madubin hangen nesa za a ga bakin wata yana motsi kamar an jefa shi cikin ruwan randa. Sai dai rawar ba ta ɗorewa a kan ƙarfi ɗaya. Akwai ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, da iska ke lafawa, hoto ya fito tas, sannan ya sake dagulewa. Wanda ya ɗauki hoto ɗaya da wuya ya dace da wannan lokaci, amma bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, kuma wanda ya ɗauki firam 25 a kowane sakan har na minti biyu ya tara firam 3000, kuma a cikinsu ba za a rasa ɗaruruwa masu kyau ba. Wani masanin kimiyyar haske mai suna David Fried ya yi lissafin yiwuwar samun irin wannan dace tun a 1978.

Akwai dalili na biyu. Kowane firam yana ɗauke da tsaki-tsakin da sensar kyamara, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, ke haifarwa, kuma tsakin yana sauya wuri daga wannan firam zuwa wancan, yayin da duwatsun wata suke nan inda suke. Idan aka ɗora firam da yawa kan juna aka ɗauki matsakaicinsu, tsakin yana dusashewa, ainihin hoton ya tabbata. Ribar tana tafiya ne da tushen murabba'in adadin: firam 100 suna rage tsaki ninki 10, firam 400 kuma ninki 20.

Waɗanne abubuwa ne wannan hanya ta dace da su?

Masu haske kawai: wata, da duniyoyin nan da ake kira Zara matar wata, Mushtari, Zuhalu da Mirrihi. Kaza da ƴaƴanta da sauran tarin taurari masu rauni suna bukatar a bar idon kyamara a buɗe na sakan da yawa, abin da bidiyo ba ya yi. Su ana ɗaukar su ne hoto-hoto a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a haɗa su da manhajar Siril ko DeepSkyStacker.

Na kwafe bidiyon daga kyamara, amma manhajar ɗorawa ta ƙi buɗe shi. Ina matsalar take?

Matsalar tana cikin yadda kyamara ke adana bidiyo. Fayil ɗin da ya ƙare da MOV ko MP4 kusan kullum an matse shi da tsarin H.264 ko H.265, kuma waɗannan tsare-tsare ba sa adana kowane firam cikakke. Suna adana guda ɗaya cikakke, sannan na bayansa su rubuta bambancin da ke tsakaninsu da shi kawai, kamar mai shagon da ba ya sake ƙirga kaya kullum, sai dai ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ga mai kallon bidiyon biki wannan dabara ce mai kyau. Amma manhajojin ɗorawa irin su AutoStakkert, wadda Emil Kraaikamp ɗan ƙasar Holand ya rubuta, da RegiStax, wadda fitowarta ta 6 ta zo a 2011, an gina su ne don su auna kowane firam shi kaɗai, su tsallaka daga na 40 zuwa na 2000 su dawo, saboda haka sun fi son fayil wanda kowane firam ke tsaye da ƙafarsa. Irin waɗannan su ne AVI marar matsi, da SER, da jerin hotunan TIFF ko PNG. Aikin farko ke nan na shiri: a warware bidiyon zuwa ɗaya daga cikinsu.

Idan na juya shi zuwa AVI ko SER, ingancinsa zai ƙaru?

A'a, kuma ina so a riƙe wannan da kyau. Abin da kyamara ta zubar a lokacin matsewa ya tafi ke nan. Bidiyon yawancin kyamarori yana da matakan haske 256 kacal a kowane launi, kuma bayanin launi ana adana shi ne a kashi ɗaya cikin huɗu na yawan ɗigogin hoton. Warwarewa ba ta dawo da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Amfaninta shi ne ta hana ƙarin asara. Saboda haka kuskure ne babba a buɗe bidiyon a manhajar haɗa fim, a yanke shi, a sake fitar da shi a MP4, domin an matse shi sau biyu ke nan, kuma ƙananan murabba'an da matsi ke bari za su fito ɓaro-ɓaro a lokacin da aka zo kaifafa hoton ƙarshe. Fayil na asali a ajiye shi gefe, kada a taɓa shi, duk aiki a yi shi a kan kwafi.

To me ya kamata in saita a kyamara tun kafin in fara ɗauka?

A nan ne rabin aikin yake, ko ma fiye. Da farko a kashe duk abin da kyamara ke yi da kanta. Saita gani ya koma na hannu, domin kyamara idan ta ga ɗigon haske a cikin baƙin fili takan yi ta kai da komo tana nema. A faɗaɗa hoton a allon bayan kyamara ninki 10, a juya zoben a hankali har gefen wani rami na wata ya yi kaifi, sannan a ɗauke hannu, in da hali a manna ɗan salatif a kan zoben don kada ya goce. Na'urar hana girgiza da ke cikin gilashi ko jikin kyamara ita ma a kashe ta muddin kyamarar tana kan ƙafa uku. Ma'aunin farin launi a tsayar da shi a kan hasken rana, tunda hasken rana ne wata da sauran duniyoyi suke maido mana. Salon hoto a zaɓi mafi laushi, a sauke kaifafawar cikin kyamara zuwa ƙasa, a kashe goge tsaki idan akwai wurin kashewa, domin waɗannan biyun suna ƙirƙiro gefuna na ƙarya waɗanda manhajar aunawa za ta ɗauka alamar inganci ce.

Sai tsawon buɗewar ido. Rawar iska tana sauyawa a cikin kaso kaɗan na sakan, saboda haka 1/100 na sakan ko abin da ya fi shi gajarta shi ne ake so. Ga wata mai haske ana iya kai wa 1/250 ko 1/500. Idan duniyar ta yi duhu, gara a ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙara hasken hoto a kyamara, da a tsawaita buɗewa, domin tsaki ɗorawa tana maganinsa, amma dishi-dishin motsi ba ta maganinsa. A kuma kula kada wuri mafi haske ya ƙone ya zama fari fat. Ni nakan bar jadawalin haske da kyamara ke nunawa a allo ya tsaya wajen kashi biyu cikin uku na faɗinsa. Mushtarin da ya fito fari sol ba tare da ɗamarunsa biyu masu duhu ba, haske ne ya yi masa yawa, kuma babu manhajar da za ta fito da su.

Idan kyamarar tana da zaɓin da ke adana kowane firam cikakke, wanda Canon ke rubutawa ALL-I, shi za a ɗauka, tare da mafi girman yawan bayanai a sakan. Masu amfani da kyamarar bidiyo irin ta masu ɗaukar taro su duba ko lambar tsarin ta ƙare da harafin p ko i. Tsarin 50i yana raba kowane firam gida biyu, layuka masu mara da masu cika, a lokuta mabambanta, sai gefen wata ya fito da haƙora kamar matsefi. A zaɓi 25p ko 50p.

Me ya sa wata ya fi ƙanƙanta a bidiyo fiye da yadda yake a hoton da na ɗauka da gilashi ɗaya?

Domin bidiyo ba ya amfani da dukkan ɗigogin sensa. Mu ɗauki kyamara mai ɗigo miliyan 18, wadda faɗin hotonta ɗigo 5184 ne a kan sensa mai faɗin milimita 22.3. Gilashin milimita 300 yana zana wata a kan sensar da faɗin kusan milimita 2.7, wato ɗigo 630 ko kusa da haka a hoto. A bidiyo mai faɗin 1920 kuwa, wannan watan bai wuce ɗigo 235 ba, Mushtari kuma ya koma ɗigo biyar ko shida. Abin da ya fi muni shi ne kyamarori da yawa, musamman tsofaffi, suna rage girman ne ta hanyar tsallake layuka, ba ta haɗa su ba. Maganin shi ne a nemi tsarin da ke yanko tsakiyar sensa ɗigo da ɗigo. Canon 550D da 60D suna da irin wannan mai girman 640 da 480, kuma duk da ƙanƙantar lambar, ya fi cikakken bidiyo amfani ga duniyoyi nesa ba kusa ba. Wata hanyar ita ce a haɗa kyamara da kwamfuta ta waya, a faɗaɗa allon gani ninki 5, a naɗi abin da ke fitowa da manhaja irin su BackyardEOS. A kyamarori na baya-bayan nan, tsarin 4K yakan fi kusa da ainihin ɗigogin sensa.

Minti nawa ya kamata bidiyon ya yi?

Mushtari yana kammala juyawa a kan kansa cikin awa 9 da minti 55, saboda haka idan bidiyo ya yi tsawo, tabon da ke fuskarsa a farko ya gusa kafin ƙarshe, ɗorawa kuma ta shafe shi. Da ƙaramin madubi minti biyu zuwa uku ya isa. Mirrihi, wanda ke kammala juyawarsa cikin awa 24 da minti 37, yana jure fiye da haka. Wata ba ya gaggawa, sai dai wanda ba shi da ƙafa mai injin bin sama zai ga yana ficewa daga allo, domin sama tana juyawa digiri 15 a awa, watan kuma yana gusawa da faɗin jikinsa a cikin kusan minti biyu. Wannan ba abin damuwa ba ne. A sa shi a gefen da yake shigowa, a bar shi ya ratsa allon, a tsayar da ɗauka, a maido shi, a sake. Gajerun bidiyoyi uku ko huɗu da aka ɗauka a jere ana haɗa su daga baya.

Yaya ake aikin shirin kansa a kwamfuta?

Manhajar da na fi ba da shawara a kai ita ce PIPP, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows. Ana jawo bidiyon a jefa cikinta, idan sun fi ɗaya kuma na lokaci guda ne a zaɓi tsarin haɗewa. Sai a gaya mata abin da aka ɗauka, domin tana da tsari biyu: na abu cikakke da baƙin fili ya kewaye, kamar Mushtari ko watan da ya shiga allo gaba ɗaya, da na fuskar wata da aka matso har ta cika allo. A tsari na farko tana gano abin a kowane firam, ta kawo shi tsakiya, ta jefar da firam ɗin da abin bai fito ba ko gefen allo ya yanke shi. A na biyu ana nuna mata wani rami ko dutse mai kaifi ta riƙe shi a matsayin turke.

Daga nan sai yankewa. A bar fili mai ɗan yalwa kewaye da duniyar, kada a matse ta, domin zoben Zuhalu da watannin Mushtari suna bukatar wuri, manhajar ɗorawa ma tana so ta ga baƙin sama a gefe. Ga wata, ni nakan mai da bidiyon baƙi da fari tun a nan, saboda launin da ke cikinsa kaɗan ne, girman fayil kuma yana komawa kashi ɗaya cikin uku. A cire sakan biyu na farko da na ƙarshe, inda hannu ya taɓa kyamara. A ƙarshe a fitar da shi a SER, wanda ya fi AVI sauƙin sha'ani idan fayil ya yi girma.

Wanda ya saba da rubuta umarni yana iya warware bidiyo da manhajar FFmpeg kai tsaye:

ffmpeg -i MVI_0012.MOV -an -c:v rawvideo -pix_fmt bgr24 wata.avi

Wannan yana cire sauti ya warware firam duka, amma ba ya yankewa, ba ya kuma kawo abu tsakiya.

Bidiyon bai kai rabin giga ba, amma da na warware shi sai ya cika mini kwamfuta. Na yi kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, lissafi ne. Firam ɗaya mai girman 1920 da 1080 mai launi yana cin kusan mega 6.2, a firam 25 cikin sakan kuwa minti ɗaya ya haura giga 9. Na taɓa barin kwamfuta tana wannan aiki da daddare, na wayi gari ta tsaya a tsakiya babu sauran wuri, fayil ɗin kuma bai buɗu ba. Idan aka yanke zuwa 400 da 400 tun a PIPP, wannan minti ɗaya bai wuce mega 720 ba. A kuma duba filashin da za a rubuta a kai: wanda ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai giga 4, sai an mai da shi exFAT ko NTFS. Tunda wuta tana iya ɗaukewa aiki bai ƙare ba, a tabbata batir ya cika, a kuma yi bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Firam nawa zan zubar?

A matakin shiri a zubar da waɗanda lalacewarsu ta fito fili kawai, kamar waɗanda gajimare ya rufe ko iska ta girgiza ƙafar kyamara. Zaɓe na gaskiya a bar wa AutoStakkert, domin ita tana raba fuskar wata ƙananan yankuna, ta ɗauki yankin da ya yi kyau daga firam ɗin da sauran jikinsa bai yi kyau ba, abin da PIPP ba ta yi. A can sai a gwada kashi 10, da 25, da 50 cikin ɗari, a kwatanta da ido. Daren da iska ta lafa kashi 50 yakan yi nasara, daren da take rawa kuwa kashi 10 ya fi kaifi. Sai dai a sani cewa bidiyon da aka matse ba ya ba da cikakkiyar ribar tushen murabba'in nan, saboda firam ɗinsa sun ari bayanai daga juna.

Akwai wani baƙin zobe da ke fitowa a kowane firam. Mene ne shi?

Ƙura ce a kan sensa, kuma a garin nan ba a rabuwa da ita. Alamarta ita ce tana tsaye wuri ɗaya a allo yayin da wata ke wucewa ta bayanta. Idan watan yana gusawa sosai, ɗorawa takan dusashe ta, amma idan ƙafa mai inji ta riƙe shi cak, zoben zai fito sarai a hoton ƙarshe. Kafin a fita a busa sensar da robar busa iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kada a hura da baki, kada kuma a goga da gefen riga. A lokacin hunturu a sauya gilashi a cikin ɗaki. Idan ƙurar ta ƙi fita, a sa duniyar a ɓangaren allo mai tsabta.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a Maraɗi?

Muna da wata falala da masu wannan sha'awa a Turai ba su da ita. Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka duniyoyi idan suka kai ƙololuwar hawansu ba sa yin ƙasa da kusan digiri 50 daga doron ƙasa, wani lokaci ma ta tsakar ka suke bi. Abin da ke digiri 30 haskensa yana ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka, don haka jiran awa biyu har ya hau ya fi kowace dabara ta kwamfuta. Kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko, ita ce na fi so, haka ma daren da ya biyo bayan ruwan sama a damina idan gajimare ya yaye. Hazon hunturu yana rage haske, amma idan bai yi kauri ba ana iya ɗaga ISO a ci gaba. A bazara kyamara tana ɗumama da sauri idan tana ɗaukar bidiyo, tsaki ya ƙaru, wani lokaci ta kashe kanta, sai a riƙa ba ta hutu tsakanin ɗauka da ɗauka.

Fitilun gari ba sa cutar da wannan aiki sosai, saboda haka ba dole ne a fita wajen Tibiri ko Madarunfa ba. Abin gudu shi ne zafin da ke tashi daga rufin kwano da daɓen siminti da katangar da ta sha rana, musamman tsakanin magariba da isha'i. A kafa kyamara a kan ƙasa ko yashi, a fitar da madubin waje minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara, don zafinsa ya daidaita da na iska.

Abokina ya turo mini bidiyon ta WhatsApp. Zan iya aiki da shi?

Idan a matsayin bidiyo ya turo, an sake matse shi an rage girmansa, kuma ba na ba da shawarar a ɓata lokaci a kansa. Ya sake turowa a matsayin takarda, ko ya kawo katin ajiyar a kwafa.

Za a iya amfani da wannan hanya wajen neman jinjirin wata?

Ɗora firam da yawa yana iya fito da jinjirin da ke ɓoye a cikin jan sararin yamma, amma yana ƙasa sosai, inda iska ta fi kauri da rawa, kuma PIPP takan kasa gano shi da kanta, sai an daidaita da hannu. Babban gargaɗi shi ne kada a juya madubi ko gilashi mai tsawo wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin leƙe ɗaya ya isa ya makantar da ido, ya kuma ƙona sensa. Hukuncin tsayuwar wata kuwa na malamai ne da hukumomin da aka ɗora wa alhakinsa.

Yaya zan sa wa fayilolin suna?

A rubuta sunan abin da aka ɗauka, da kwanan wata, da lokacin tsakiyar ɗaukar bisa agogon GMT, wanda agogon Nijar ya riga da awa ɗaya. Bidiyon Mushtari da aka ɗauka da ƙarfe 11:20 na dare a nan, lokacinsa 22:20 ne. Manhajar WinJUPOS, wadda ke haɗa hotunan Mushtari na lokuta mabambanta ta gyara juyawarsa, da wannan lokacin take aiki, kuma kuskuren ƴan mintuna ya isa ya karkatar da sakamakonta. Saboda haka a daidaita agogon kyamara da na waya kafin a fita, a kuma rubuta ISO da tsawon buɗewa da gilashin da aka yi amfani da shi a ɗan littafi, domin fayil ɗin SER ba ya riƙe waɗannan bayanai.